Ɗakin Gefe

Auta,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya maigidanki, yaya yaran? Ƙafar ƙaramin ta warke? Ni lafiya, in ban da ciwon bayan nan da ya zama abokin zama. Aiki yana nan yadda kika san shi: zannuwan gado na otal da na asibiti, su shigo da datti su fita fes, mu kuma mu fita da tururi a ƙirji. A takarda na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in turo miki, don in na kira ki, ko yaran suna kanki ko maigidan yana gefe. Mama kuwa, da kunnen nan nata, kin san waya ba ta da amfani a wurinta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ina Mama?

Kin san yadda Lahadina take. Sanda kuke sujadar safe ni ina gaban injin guga. Sai lokacin hutun rana nake samun lungu bayan injin busarwa, in jingina, in buɗe waya in kalli bidiyon sujadar da kuka sa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba wa'azin ne yake fara kai ni can ba. Jan hoton nake yi da yatsa har in kai inda kyamara ta juya wajen jama'a, in duba layin farko, kujerar ƙarshe ta jikin ginshiƙi. In na gan ta da ɗankwalin nan nata, ta miƙa wuya tana kallon bakin Fasto, shi ke nan, makona ya yi kyau. Daga nan sai in koma farko in saurari wa'azin kamar mutumin kirki. Daga zamanta nake gane ko ciwon ƙugun ya tashi. Daga fuskarta nake gane ko kun yi faɗa.

Lahadin da ta wuce ban gan ta ba. Wadda ta gabace ta ma haka. A kujerarta wata yarinya ce mai dogon gashin ido, hannunta a sama tun waƙar farko har addu'ar rufewa, har na fara tausayin kafaɗarta. Layin gaba ɗaya sababbin fuskoki ne, kaya kala ɗaya kamar masu tarbar baƙi a otal. Ban ga Maman 'Yan Biyu ba. Ban ga Baba Direba ba.

Mama ba ta fashin sujada. Ke ba za ki tuna sosai ba, amma tun cocin nan yana shagon kafinta na Baba, mu 'yan ƙalilan a kan bencin da bai gama gogewa ba, ita ce mai share garin katako ranar Asabar da yamma. Ta bi cocin zuwa ajin makarantar da aka ara, ta bi shi zuwa rumfar kwano, ta bi shi zuwa wannan ƙaton siton da kuka gyara. Lahadin da ta biyo bayan haihuwarki ma sai da Baba ya ɓoye mata takalmi kafin ta zauna a gida.

Ki gaya mini yadda ake ciki. Ki gaishe ta, ki tsaya gabanta sosai in za ki faɗa.

Yayanki

*

Yaya,

Mun ga takardarka. Muna lafiya, ƙafar ta warke har ya koma ƙwallo. Maigidan yana gaisuwa, Mama ma haka.

Maganar rashin ganinta, kada ka sa ta a ranka. Yanzu ba ta iya zama a gaba ne, an samar mata wurin da ya fi dacewa da ita. Zancen yana da ɗan tsawo, kuma ba komai nake so in rubuta yanzu ba. Ka dai riƙa sa mu a addu'a. In na natsu zan yi maka bayani.

Ƙanwarka

*

Auta,

Gaisuwa, in akwai mai karɓar ta a can. Na rubuta, na sake rubutawa, shiru. Na kira, kin ce kina kasuwa za ki neme ni. Ina jin har yanzu kina kasuwar.

'Yan layukan nan naki na karanta su har na haddace. "Ba ta iya zama a gaba." Me ya same ta da ba ta iya zama? "Wurin da ya fi dacewa da ita." Auta, zannuwan asibiti nake wankewa. Na san irin wuraren da ake cewa sun fi dacewa da tsofaffi, har warinsu na sani. Haka kuka yi mini lokacin Baba. Yana samun sauƙi, yana samun sauƙi, sai ga hoton akwati.

Shekaranjiya na ƙona hannu a jikin injin guga, hankalina ba ya wurin. Shugabar sashenmu ta duba ta ce in ba zan iya tsayawa ba in tafi gida. Ita ta ɗauka ɗakin nan da muke kwana kamar kaya a sito shi nake kira gida.

In shanyewar jiki ce, ki faɗa. In faɗuwa ta yi, ki faɗa. Furfura ta cika mini gemu, ba na buƙatar a lallashe ni. Kowace Lahadi ina buɗe wayar nan ina dubawa, yarinyar nan tana nan da hannunta a sama, ni kuma ina tunanin uwata a kwance tana kallon rufi. In ba ki amsa wannan ba, zan rubuta wa Maman 'Yan Biyu, a karanta mata a gaban duk wanda ya samu, gari ya ji.

Yayanki

*

Yaya,

Don Allah ka yi haƙuri. Mama lafiyarta ƙalau, jiya ma ita ta yi mini faɗa a kan gishiri. Babu asibiti, babu faɗuwa. Sannu da hannun. Na yi shiru ne don abin ya shafi maigidana, kuma na san bakinka.

Ga yadda aka yi. Tun da aka fara sa sujada a waya mutane suka ƙaru, ƙaruwar da ba ka gani sosai a hoto. Yanzu sujada kashi-kashi ce, ta safe, ta hantsi, ta yamma. Motoci har sun toshe layin, maƙwabta suna ta ƙorafi. Mutanen da ba mu taɓa gani ba suna zuwa su ce a waya suka gan mu. Kada ka raina wannan. Akwai wadda a gadon asibiti ta fara kallo, ta riga ta fid da rai, ga ta yau a cikin mawaƙa.

Sai 'yan kyamara suka kai kuka wurin dattawa, wai layin gaba yana ɓata hoto. Baba Direba yana gyangyaɗi. Maman 'Yan Biyu tana tari tana tofawa a hankici. Jarirai suna kuka. Mama kuma wai ba ta murmushi, tana ƙura wa Fasto ido kamar wadda ta zo kama shi da laifi, in ana waƙa ko ta riga kowa ko ta makara. Aka yanke cewa layukan gaba na waɗanda aka zaɓa ne, ana gaya musu kalar kayan da za su sa tun ranar Alhamis. Tsofaffi da masu goyo aka gyara musu ɗakin gefe, wanda a da ake jibge kujeru. An yi fenti, an sa fanka da ƙaton talabijin a bango. An rubuta a ƙofar, Ɗakin Girmamawa.

Tunda maigidana ne shugaban masu zaunar da mutane, shi aka ba aikin tashinsu. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, an yi muku wuri mai sanyi, babu hayaniya." Ta dube shi ta ce, "Ni da ba na jin hayaniyar?" Amma ta ɗauki jakarta ta tashi.

Kai ka sani da ido take jin wa'azi, shi ya sa take zama inda take ganin bakin mai magana. A talabijin kuwa kyamara ba ta tsayawa wuri ɗaya. Fasto ya fara, ta kama kalma ɗaya biyu, sai hoton ya tashi ya tafi kan jama'a, kan fitilu, kan yarinyarka mai hannu a sama. Kafin ya dawo, Fasto ya yi nisa. Na'urar kunnen nan ba ta sa ta, ta ce fito take yi mata. Kuma ta hana ni gaya wa kowa inda kunnen ya kai, har Fasto ya ɗauka ɗan nauyin ji ne na tsufa. Ran nan a hanyar gida na ce, "Mama, yaya wa'azin?" Ta ce, "Fitilun suna da kyau."

Kafin ka fara, ba maigidana ne ya yanke ba, aike ne aka yi masa. Kuma ni ce nake kwana da tashi tsakaninsa da ita, kai kana can. Abu na ƙarshe, ban faɗa don in ɓata maka rai ba: babbar kyamarar da ake wannan aikin da ita, ita ce wadda ka aiko, ka ce don ka riƙa ganin Mama.

Ƙanwarka

*

Auta,

Na gode wa Allah da lafiyarta. Na zauna a bakin gado na yi godiya, daga nan zuciyata ta tashi, har yanzu ba ta kwanta ba. Da ciwo ne, da na san abin da zan roƙa. Wannan kuwa ban san sunansa ba. Hannun yana warkewa, fatar ce take ja.

Ɗakin Girmamawa. Mu ma muna da irinsa a nan. In zani ya kwana biyu, ya fara yin ruwan ƙasa, ba a yar da shi, ana ware shi a tura ɗakunan da manyan baƙi ba sa shiga. Amma mu ba mu rubuta masa suna a ƙofa ba, muna da sauran kunya.

Ashe kalar kaya tun Alhamis ake faɗa. Ashe hannun nan da nake tausayi, aiki yake yi. Ni kuma ina tsugune bayan inji ina cewa kai, Allah yana aiki a gidanmu, dubi yadda matasa suka kama wuta. Ki tambayar mini maigidanki, hawayen ma ana faɗin ranar da za a zo da su, ko wannan kowa da dabararsa?

Kada ki ce ba na adalci. Ban ce Fasto mugu ne ba. Shi ya yi jinyar Baba tare da ku sanda ni nake nan ina ninke zannuwa. Shi ya ɗauki gefen akwatin da ya kamata in ɗauka. Wa'azinsa yana shiga, ya sha riƙe ni a ranakun da na so in kwanta kada in tashi. Matar asibitin nan ma na yarda da ita, Allah ya ƙara mata lafiya. Maigidanki kuwa ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Mutum ne wanda in aka ce ya jera kujeru a kan rufin coci, abin da zai tambaya shi ne su fuskanci ina. Ki gaya masa ni na faɗa.

Abin da ya ƙi shiga kaina shi ne, a cika gida da baƙi ta hanyar ɓoye masu gidan. Baba Direba da yake ɓata hoto, shi ne yake zagayawa da motarsa yana kwaso mutane in ana ruwa, lokacin da rumfar take yoyo muna jan benci muna gudun ɗigo. In ya ga dama ya yi minshari a gaban Ubangiji, ya yi aikin da zai yi barcin. Maman 'Yan Biyu ita ta wanke rabin jariran da suka girma suke riƙe da kyamarar nan yanzu, ta san kalar kashinsu. Yau tarinta ne ya dame su.

Maganar kyamara, kin faɗa, ta shiga.

Na rubuta wa Fasto. Ban zage shi ba, ki kwantar da hankali. Na ce masa ya tuna ko wace ce Mama a cocin nan, bai kamata a ɓoye ta ba, ya mayar da ita gaba inda ya kamace ta. Ban taɓa zancen kunnen ba, tunda ta hana. Ya amsa mini a taƙaice: "Na gane, ɗan'uwa. Ka kalli Lahadi mai zuwa." To, zan kalla.

Yayanki

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban ci abincin rana ba yau. Na kalla.

Ke kina wurin, amma bari in gaya miki abin da ni na gani daga nan, don ba abu ɗaya muka gani ba. Ana tsakiyar sujada aka rage fitilu, mai molo ya fara kaɗawa a hankali, aka rubuta a ƙasan hoton, Uwar Ikilisiya. Sai ga 'yan mata masu kaya kala ɗaya sun riƙo ta ta kowane gefe kamar ba ta iya tafiya, matar da take hawa bene da bokitin ruwa. Leshin da ke jikinta ba nata ba ne. Ɗankwalin wani hannu ne ya ɗaura shi, ya yi tsini kamar zai taɓa fanka. Har hoda aka shafa mata.

Fasto ya tarye ta da murna, kuma na yarda murnar ta gaskiya ce. Amma ga makirufon nan mai ƙaton kan soso, ya rufe masa baki daga hanci zuwa haɓa. Na ga Mama ta karkata kai dama, ta karkata hagu, tana neman bakin a bayan soson. Jama'a suka ɗauka rausaya take yi, suka fara tafi. Daga nan ta haƙura ta yi murmushin nan. Kin san shi. Shi ne wanda take yi wa mai kanti in ya yi magana ya juya baya. Murmushin ban ji ba, amma kada ka sani.

"Mama, ko ba haka ba?" Ta gyaɗa kai. "Mama, kin ga abin da Allah ya yi da ɗan shagon nan?" Ta gyaɗa kai. Da ya ce mata, Mama, mu sayar da ke, da ta gyaɗa kai.

Sannan ya juyo kaina. Ya ce wannan uwa ta yi addu'a, Allah ya ɗaga ɗanta ya kai shi ƙasar waje, yau babban mutum ne, shi ya ba mu wannan kyamarar da duniya take ganinmu da ita. Duk uwar da take son irin wannan ta tashi tsaye. Coci ya miƙe kamar an jona masa wuta. Babban mutumin kuwa yana tsugune bayan injin busarwa, safar roba a hannu ɗaya, bandeji a ɗayan, ga amalanken zannuwan ɗakin haihuwa yana jiransa.

Wani abokin aikina, wanda ba ma jin yaren juna sosai, ya leƙo ta kafaɗata. Ya san abin da nake nema a wayar nan kowane mako. Ya nuna ta da yatsa ya ce, "Mamanka?" Na ce a'a. Haka ya fito, Auta. Ban san matar da suka yi wa kwalliyar nan ba.

Ni nufina a mayar da ita gaba don ta ga bakinsa. Shi ya karanta cewa ina so a gan ta. Ba zan ce ya yi da gangan ba. Abin da ya fi tayar mini da zuciya ma ke nan: a wurinsu yanzu, babu wani alheri da za a yi wa mutum wanda ya wuce a haska shi.

Ki ce wa maigidanki ya kwance kyamarar nan ya sa ta a kwali. Ni na aiko ta, ina son abata. Su nemi wani babban mutumin.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Na zauna gaban Mama na karanta mata takardunka duka, har da inda ka ce a'a. Ta ce in ɗauko biro. Ga abin da ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

"Dogo, ina gaishe ka. Yaya hannun? Ka riƙa shafa masa mai kada fatar ta tsuke.

"An ce ka ce ba ni ba ce. Ni ce. Kayan ne ba nawa ba, kuma na mayar. Abin da Fasto ya faɗa ban ji ba, sai a gida Auta ta maimaita mini. Na ce mata ni dai mai wanki na sani, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

"Sun ce kujerata tana nan a gaba, har sun ɗaura mata farin ƙyalle. Na zauna a kanta Lahadi ɗaya. Fitila a idona, soso a bakinsa, yarinyar gefena tana taɓa ni in lokacin ɗaga hannu ya yi. Da ƙafata na koma ɗakin gefe, ba wanda ya kore ni.

"Bari ka ji yadda muke yi a can. Maman 'Yan Biyu idonta ya tafi, amma kunnenta har gulmar layin baya yana kamawa. Sai ta juya wa talabijin baya ta fuskance ni, abin da Fasto ya faɗa ta maimaita mini da bakinta a hankali. Haƙoranta sun zube, amma na saba da bakin nan tun shagon babanka. Ni kuma in aka rubuta baitin waƙa a allo, in karanta mata. In Fasto ya yi ta juya magana ɗaya sai ta ce, 'Yana nan inda muka bar shi,' mu huta. Baba Direba yana barcinsa babu mai zungurinsa. Masu goyo suna miƙo mana jarirai su samu su rufe ido su yi addu'a. Ran nan talabijin ya ɗauke, muka yi waƙarmu da kanmu, ba wanda ya ce na riga ko na makara.

"Mijin Auta ya zo ya durƙusa yana share ido. Na ce ya tashi ya nemo mana wata fankar, ya kawo. Ka daina yi masa ba'a, ko ka rage.

"Fasto ma na je na same shi, na ce masa kunnena ya mutu tun ba yau ba. Ya ce me ya sa ban faɗa ba. Na ce me ya sa bai tambaya ba. Yanzu in an tashi yana shigowa ɗakinmu babu soson, ya zauna ya yi mana addu'a ina ganin bakinsa. Yaro ne. Zai koya, ko kuma ba zai koya ba.

"Kyamara ka bar musu. Akwai na kwance waɗanda ba su da wata ƙofar coci sai ita. Amma ni kada ka ƙara nemana a ciki. Ka ce daga zamana kake gane ko ƙugun ya tashi. Dogo, ƙugun kullum a tashe yake. Duk shekarun nan a miƙe nake zama, don na san kana kallo. Na gaji. A ɗakin gefe jingina nake yi. In kana son ganin uwarka, ka zo ka gan ta a jingine."

Nan ta tsaya. Na ce ko akwai ƙari, ta ce in je in duba tukunya.

Ƙanwarka

*

Auta,

Na gode. Ki ce wa Mama ina shafa man. Sauran maganar kuma ba ta takarda ba ce.

Wataƙila ba ki lura ba, tunda ke ba a waya kike sujada ba. Sun yanko wurin nan da Mama take gyaɗa kai, sun sa shi a farkon kowace sujada. Kiɗa ya tashi, fitilu su juya, sai ga ta da hoda da dogon ɗankwali, sun rage gudun hoton tana gyaɗa kai a hankali kamar ta yarda da komai. Na roƙi maigidanki ya yi musu magana, kuma ya yi, a ba shi wannan. Suka ce masa ai wurin ne mutane suka fi turawa juna.

To, ga shi nan. Na ce ina son ganin uwata kowace Lahadi, an ba ni har da ƙari. Yanzu in na buɗe wayar sai in ɗora babban yatsa a kan fuskar har kiɗan ya wuce. Wa'azin ina saurare. Jan hoton ne na daina, ba ni da abin nema. Akwai dai wata ƙofa da take fitowa a can gefen hoton in kyamara ta yi nisa da juyawa. Ita nake kallo.

Na nemi hutu. Shugabarmu ta ce sai baƙin otal sun ragu, kuma ba ta yi alkawarin zan tarar da gurbina ba. Na ce mata zannuwa ba sa ƙarewa a duniya.

Ki gaya wa maigidanki tun yanzu: ba sanarwa, ba farin ƙyalle, kada a kira ni gaba. In Fasto ya ce babban mutum ya tashi a gan shi, zan yi irin na Baba Direba. Kujera ɗaya nake so, ta roba ma ta isa. Ya sa ta a ɗakin gefe, ta juya wa talabijin baya, daidai inda Mama za ta ga bakina.

Yayanki